Wanzamin Jarwal da Sojojin Koriya

Mahaifina aski yake yi a unguwar Jarwal ta Makka, a wani ɗan shago mai kujera biyu da madubin da ya tsage ta gefe. Masu umara ne cinikinsa. Mutum zai gama Safa da Marwa, ya gangaro da ihrami a kafaɗa, ƙafafu duk sun yi tsami, ya zube a kujera, Baba ya tambaye shi da hannu ko a kwashe duka ko a yi saisaye. Da hannu yake tambaya don yawancinsu ba sa jin Larabci, balle Hausa. Shi kansa yana ɗan shekara shida iyayensa suka iso da shi Makka ta Sudan, kuma tun daga nan bai sake taka Nijeriya ba. Hausarsa irin ta Kanawan da ce, sai dai Larabcin Hijaz ya ratsa ta ko'ina, ta yadda in ya yi fushi ba ka sanin da wane harshe zai ƙarasa faɗan da ya fara.

Ni ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" nake, in kuma ransa ya yi fari, "ya waladi", wato ɗana. Shi ya tura ni Kano wurin ɗan'uwansa na yi karatu har jami'a, ina zuwa hutu ina komawa. Na gama aikin injiniya, na dawo gidanmu na unguwar Ka'akiyya da takardata a jaka, na sami aiki a wani kamfanin motocin alhazai a Kudai. Aikin nawa shi ne in tsaya a bakin ƙofar bas da takarda ina ƙirga kawunan masu shiga. Na tsani aikin nan, kuma ban iya ɓoyewa ba.

Abin da nake so shi ne in koma Nijeriya in yi bautar ƙasa, domin sai da ita za a ɗauke ni aiki irin wanda na karanta. Matsalar ɗaya ce. Igamata, wato takardar zamana a Saudiyya, ta riga ta koma hannun kamfani, shi ne kafilina, wato mai lamunin zamana, kuma babu kamfanin da zai ba ka hutun shekara guda. In zan tafi, sai dai a buga mini fita ta ƙarshe, abin da muke kira huruj niha'i. Bayan wannan, garin da aka haife ni zai zama garin da sai na nemi biza nake shiga, kamar kowane baƙo. Na san haka, Baba ma ya sani. Karo na farko da na kawo masa maganar, bai ko ajiye askar da yake wasawa ba. Ya ce, "Mutane suna sayar da gona su zo nan kwana goma. Kai kana ciki kana neman ƙofa. Halas, an rufe maganar." Ni kuwa na riga na yanke wa kaina cewa ba zan hau jirgi ba sai da yardarsa.

A tsakiyar wannan zaman doya da manja ne ɗan Koriya ya shigo rayuwarmu.

Baba mayen ƙwallo ne. Wata ƙungiya ta Jidda yake bi tun yana saurayi, kuma duk ranar da aka ci ta, masu umara ma sai sun ji a fatar kansu. A shekarun nan ƙungiyar ta ɗauko wani mai tsaron baya daga Koriya ta Kudu, dogo, marar magana, mai lamba huɗu a baya. Baba ya ƙaunace shi nan take. Abin da ya burge shi ba wani gwaninta ba ne. Yaron ba ya faɗuwa ya yi ta birgima in an taɓa shi, ba ya yi wa alƙalin wasa tsawa, in kuma ya ka da mutum sai ya miƙa hannu ya tashe shi. Baba ya ce wannan daga gani ya sami tarbiyya. Sunansa kuwa ya gagare shi faɗa, ya gwada sau biyu ya haƙura. Lamba Huɗu ya zama sunansa a gidanmu.

Wata safiya ina shago ina shan shayi kafin in wuce Kudai, rediyo ya ce Lamba Huɗu zai bar Jidda, zai koma ƙasarsu ya shiga soja. Baba ya tsaya cak da injin aski a hannu, rabin kan wani Baturke a aske, rabi da gashi.

"Soja? Yaƙi ake yi a can?"

Na ce ban sani ba. Ban sani ɗin ba kuwa, kuma ban damu in bincika ba a lokacin. Kwana uku Baba ya yi cikin damuwa. Daga baya Umma ta tona masa asiri cewa ya sa yaron cikin addu'arsa a Harami, tsakanin sunan ƙannena da na wata gwaggonmu mai ciwon ƙafa. Ta ce masa, "Malam, mutumin da bai san inda alƙibla take ba?" Ya ce ai shiriya ya fara roƙa masa, sannan tsari daga harsashi, sannan gwiwarsa ta hagu da ke ba shi matsala.

Tausayinsa ya sa na zauna na bincika a kwamfuta. Ashe babu wani yaƙi. A ƙasarsu kowane namiji mai lafiya sai ya yi aikin soja na kusan shekara biyu, ko ɗan wane ne, ko nawa yake samu. Su kuma sojojin suna da ƙungiyar wasanni tasu, mai ƙwallon ƙafa ta maza da ta mata da wasu wasannin. Ɗan ƙwallon da ya yi sa'a aka zaɓe shi, sai ya yi atisaye na 'yan makonni, a aske masa kai, a ba shi kaki, ya zauna a bariki, ranar wasa kuma ya fito ya buga da manyan ƙungiyoyin ƙasar. Ƙungiyar ba ta sayen kowa, ba ta ɗaukar baƙo, kuma ba ta iya riƙe kowa. Wanda wa'adinsa ya cika, ko ana tsakiyar kakar wasa, zai ɗauki jakarsa ya tafi.

Da na karanta wa Baba wannan, sai ya ce, "Ɗayyib, na ji. To a ina ake kallonsu?"

Babu tashar da ke nuna su a wurinmu. Sai da na sha wahala kafin na gano wani shafi, duk rubutun Koriya, wanda in ka bi ta wasu ƙofofi uku ko huɗu, ka kashe tallan da ke faɗo maka, zai kawo wasan a wani ɗan akwati. Suna gabanmu da awa shida, don haka wasan la'asarinsu da hantsi yake riskar mu. Haka Asabar ta zama tamu. Ita ce ranar hutuna. Zan biyo da ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da gurasa, daga wurin wani Ba'afgane a bakin layi, in ɗora tsohuwar kwamfutata a kan kantar da Baba ke jera reza da hoda, mu ja kujerun askin guda biyu mu zauna kamar masu jiran wanzami.

Ranar farko na kasa gane kowa. Mutum goma sha ɗaya, kai a aske iri ɗaya, riga iri ɗaya, hoton kuma yana rawa. Baba ya kalle su ya yi dariya har da tari, ya ce, "Masha Allah, duka sun yi umara." Bai yi minti biyu ba ya nuna wani ɗigo a can ƙuryar allon ya ce ga shi nan. Na ce ta yaya ya sani, lamba ba ta fito ba. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda aka kashe kuɗin makaranta a kansa a banza.

"Shuf, dubi ƙeyarsa. Shafaffiya ce, kuma kunnen dama ya fi na hagu fita. Shekara nawa nake kallon bayan kan mutane?"

Daga ranar ya raba musu sunaye da kawunansu. Akwai Mai Ƙwarya, akwai Mai Tabo, akwai gola da ya ce tun yanzu sanƙo ya fara masa sallama, ya ba shi shekara uku. Har wanzamin barikin, wanda ba mu taɓa gani ba, bai tsira ba. Baba ya ce mutumin yana da gaggawa, yana fara aski daga goshi maimakon daga gefe, kuma ba ya gyara bayan kunne. Wani mako kuma ya ce an canja wanzami, wannan sabon ya san aikinsa. Ni dai ban ga bambancin komai ba. Amma na daina musu da shi a kan abin da ya shafi kai.

Abin da ya gama da shi shi ne ranar da suka ci ƙwallo muna kallo. Wanda ya ci bai cire riga ba, bai yi rawa ba. Ya ruga gefen fili, sauran suka biyo shi, suka jeru, suka ƙame, suka sara wa 'yan kallo. Baba ya miƙe tsaye bai sani ba. Wani ɗan Indonesiya da ya shigo aski ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu, bai san ko ya shigo ko ya koma ba. Ƙungiyar ba ta cika cin wasa ba, gaskiya. Shekara guda tana rukunin manya, wata shekarar ta gangara na biyu, ta sake hawowa. Baba bai damu ba. Yakan ce waɗannan sun bar dukiya sun zo suna karɓar albashin kurtu, kuma suna gudu kamar an yi musu alkawarin gida.

Ina jin daɗin Asabar ɗin nan, ba zan ɓoye ba. Tun ina yaro ban taɓa zama da mahaifina awa biyu cur muna magana ba sai a dalilin sojojin Koriya. Amma duk yabon da ya yi wa Lamba Huɗu sai in ji ya soke ni. Ya bar Jidda, ya bar kuɗi, ya amsa kiran ƙasarsa, ɗan halak. Na yi wata da watanni ina haɗiye wannan. Ran nan an tafi hutun rabin lokaci, Baba ya sake farawa, ni kuma kiran bautar ƙasa ya riga ya wuce ni sau ɗaya, sai na ajiye tamis ɗin da ke hannuna.

Na ce, "Baba, shi da ya tafi ya yi wa ƙasarsa aiki ɗan halak ne. Ni da nake son in yi haka, me na zama?"

Na san na yi rashin kunya tun kafin in rufe baki. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Shi zai dawo. Jaridu sun faɗa, da ya cire kaki Jidda zai dawo. Kai in ka fita, wa zai buɗe maka ƙofa?"

"In bai dawo ba fa?"

"Zai dawo. In ya dawo, ka tafi, na yarda. In bai dawo ba, kada ka ƙara kawo mini maganar nan. Halas?"

Cikin fushi ya faɗa, ni ma cikin fushi na ce na yarda. Da muka koma gida na ba Umma labari, sai ta riƙe haɓa ta ce ba ta taɓa ganin mutum biyu masu hankali sun ɗaura rayuwa a ƙafar baƙo ba. Ɗan fari ne ni, kunya ba za ta bar ta ta tsaya mini a gaban mijinta ba, ko da tana so.

Daga ranar na fi Baba zama masoyin Lamba Huɗu. In ya yi tsalle ya faɗo a kan gwiwar hagu, ni ke zabura daga kujera. In aka ba shi katin gargaɗi, ni ke zagin alƙalin wasa. Na koyi ƙirga watannin wa'adinsa da yatsu. Har ni ma, Allah ya yafe mini, na sa gwiwar nan cikin addu'a. Baba yana lura da ni ta gefen ido, yana murmushi.

Wa'adin ya cika daf da aikin Hajji. A wasansu na ƙarshe a gida aka jera su, su wajen goma sha wani abu da za su fita tare, aka ba kowa furanni, suka sara wa jama'a. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen da ya raɗa musu, Mai Ƙwarya, Mai Tabo, har da golan. Ya ce Allah ya kai kowa gidansu lafiya. Sannan ya share ido da tawul ɗin aski ya ce hodar nan tana shiga masa ido.

Bayan kwana huɗu na ga labarin. Ina Kudai, a inuwar wata bas, na duba waya. Lamba Huɗu ya koma ƙungiyar garinsu, kuma ya sa hannu zai zauna shekaru. Jidda ba ta cikin lissafi. Na karanta sau uku ko zai canja. Direba yana ta danna mini oda in zo in ƙirga mutane, na shiga na ƙirga su ba daidai ba.

Ni kaɗai ke karanta wa Baba labaran Koriya. Wannan tunanin ne ya fara zuwa mini, kuma ban ji daɗin yadda ya zo da sauri ba. Kiran bautar ƙasa na gaba saura wata biyu. Kasuwar 'yan wasa kuwa ba za ta sake buɗewa ba sai bayan wata huɗu. In na ce masa an gama magana, yaron zai iso da buɗewar kasuwa, zai yarda, domin ban taɓa yi masa ƙarya a kan ƙwallo ba. Kafin gaskiya ta fito ina Nijeriya da kaki a jikina.

Da ya tambaye ni da yamma ko akwai labari, na ce, "Ana dai magana."

Hajji ya rufa mini asiri. A kwanakin nan Baba ba ya ganin gida. Ranar Sallah da kwanakin da ke biye, layi ne daga ƙofar shago har kwanar titi, gashi a ƙasa sai an kwashe da buhu, hannunsa yana kumbura har Umma ta riƙa gasa masa da ruwan zafi. Ni ma a Kudai ko zama ba na samu. Sau biyu ya tambaye ni a tsaitsaye, sau biyu na ce ana magana. Ban kai ga faɗin babbar ƙaryar ba, amma kullum tana bakina, ina juya ta kamar goro. Abinci ya daina yi mini daɗi. In na ga Baba yana ɗaure yatsunsa da tsumma zai fita tun kafin gari ya waye sosai, sai in ji na tsani kaina.

Alhazai suka watse. Wanda bai zauna Makka ba bai san shirun da ke biyo bayan Hajji ba. Otal-otal na Jarwal suka rufe tagogi, masu shaguna suka fito da kujeru waje suna hamma, kyanwoyi suka karɓe titi. Wata Talata da hantsi na biya ta shago na tarar da Baba shi kaɗai, ya kwance injin aski yana goge haƙoransa da ɗan buroshi. Na zauna a ɗaya kujerar. Na sa ido a kan tsagar madubi, na fara magana.

"Baba, ba zai dawo ba. Ya sa hannu a garinsu. Yau mako uku da na sani."

Bai ɗago ba. Ya hure injin, ya ɗiga masa mai.

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Ya waladi, gurbin ɗan Asiya guda ɗaya ne a ƙungiya. Tun kafin Arfa suka kawo wani daga Uzbakistan suka ba shi shekara biyu. Rediyo na da baki, ni kuma ina da kunne. Lamba Huɗu a kan wa zai zauna?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido. Na ce to me ya sa yake ta tambayata. Ya ce yana so ya ga ko nawa zan sayar da shi. Ya faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Na ce sharaɗi sharaɗi ne, ba zan ƙara kawo maganar tafiya ba. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da haɗa injinsa.

Na cika alkawari. Na koma bakin ƙofar bas, duk da babu alhazan ƙirgawa sai 'yan tsiraru. A gida ina gaishe shi, yana amsawa, muna cin abinci a faranti ɗaya. Ban yi fushi da shi ba, da kaina nake fushi, da kuma wani dogon mutum a can ƙarshen duniya wanda bai san ina raye ba. Asabar ta farko ban je shago ba, na ce kaina ke ciwo. Ta biyu ma na yi niyyar ƙin zuwa, sai Umma ta leƙo ɗakina ta ce, "Ya ce ka taho da na'urar." Ba ta jira amsa ba.

Na saya ful da tamis don kada in shiga hannu biyu. Na tarar ya riga ya share kantar ya ja kujeru. Na ce masa ban ga abin kallo ba, Lamba Huɗu ya tafi, rabin ƙungiyar sun tafi, waɗanda suka rage ko benci ba sa cikawa, sababbi kuma sai wata shekara. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ya kamata a kalle su. Na buɗe kwamfutar na kai hannu zan fara neman shafin, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bari. Koya mini."

Na ce ai ba wuya, ni zan yi, minti biyu ne.

"Na ce ka koya mini. Daga kunnawa."

Ya ciro tabaransa daga aljihu, ya yage murfin kwalin reza, ya ɗauki biro. A nan na gane abin da ake ciki, shirin ranar da zai yi kallo ba tare da ni ba yake yi. Na nuna masa maɓallin kunnawa, ya rubuta da Larabci. Na nuna masa inda zai danna, ya zana hoton wurin, domin rubutun Koriya ba ya karantuwa gare mu duka. Ya ce wani harafin kamar tsani, wani kamar tukunya da murfi, haka ya zana su. Yatsunsa da ke bin kan jariri da aska ba tare da kuskure ba, sai ga su sun kasa sarrafa ɗan faifan da ake jan kibiya. Talla ta faɗo, ya danna ta maimakon ya kashe, wata mata ta fito tana tallan injin wanki da ƙarfi. Ya ce a'uzu billahi, muka koma farko.

Karo na biyu ya ɓace a ƙofa ta uku. Na kai hannu, ya buge shi.

Yana cikin dubawa a kwalinsa, bai kalle ni ba, ya ce, "Ubana da zai taho nan bai nemi izinin kowa ba. Da dare ya kwashe mu, kakana yana barci. Kai ka nema, har ka yi ƙarya ka dawo ka warware ta." Ya gyara tabarau. "Wannan mai tsanin ne ko mai tukunyar?"

Na ce mai tukunyar.

"In ka je wurin kafilinka gobe, ka ce ya buga maka takardar fita. Kada ka tsaya ja da shi a kan komai. Kuma kada ka yi mini alkawarin dawowa, ba na so. Abin da ba ya hannunka ba a alkawari da shi."

Na sauka daga kujera na durƙusa a gabansa, a kan tayil ɗin da ya sha gashin mutanen duniya, na riƙe gwiwarsa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na yi shekara biyu ina jiran wannan magana, ga ta ta zo, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Ya bar ni na ɗan lokaci, hannunsa a kaina. Sannan ya ce in tashi, ina tare masa haske.

Ya rufe kwamfutar gaba ɗaya, ya sake buɗewa. Ya bi kwalinsa layi layi, leɓensa yana motsi. Ya kashe talla ta farko, ya kashe ta biyu. Ɗan akwatin ya yi baƙi, ya yi ta juyawa, sai ga koren fili, ga ruwan sama yana sauka a kan 'yan kallo ƙalilan, an riga an yi minti ashirin da fara wasa, kuma har an zura wa sojojin ɗaya.

Baba ya ninke kwalin ya sa a aljihun gaba. Ya jawo kwamfutar ta fuskanci kujerarsa sosai, ta yadda ni sai na leƙa nake gani.

Ya ce, "Zuba mana shayi. Na iya."